Taɓin Hankali a Ƙasar Mafara, Bakura da Maradun: Ganewa, Musabbabi da Yawan Masu Fama da Shi

Taɓin hankali, a ma'anar da likitoci suke aiki da ita, shi ne duk wata tangarɗa da ta shafi tunanin mutum ko yanayin zuciyarsa ko ɗabi'unsa, ta daɗe tare da shi, har ta kai ga hana shi tafiyar da abin da ya saba na ibada da sana'a da zaman iyali. Wannan ma'ana ta fi abin da jama'a suka sani faɗi nesa ba kusa ba, domin a kasuwar Talatar Mafara ko a tashar motar Bakura, wanda ake nunawa a ce ya taɓu shi ne mai yawo cikin tsumma yana sambatu, yara na biye da shi, alhali kuwa irinsa 'yan ƙalilan ne a cikin masu fama da lalurar. Mafi yawansu suna cikin gidaje da gonaki da azuzuwan makaranta, suna gaisawa da mutane lafiya lau, kuma ba wanda ya taɓa kiran abin da ke damunsu da sunan ciwo, har su kansu. Waɗannan su ne suka fi buƙatar a yi magana a kansu a wannan yanki, saboda abin da ya auka wa ƙasar Zamfara a shekarun nan ya ƙara yawansu matuƙa.

Wanda ya fi yaɗuwa a cikin waɗannan cututtuka shi ne ciwon fargaba, inda mutum yake zama cikin zullumi da faɗuwar gaba ba tare da wani dalili da ya kai girman tsoron ba, sai kuma ciwon damuwa, wanda alamominsa su ne baƙin ciki mai nauyi da mutuwar jiki da rashin jin daɗin duk abin da a da yake faranta rai, tare da lalacewar barci da cin abinci, wani lokaci har da tunanin cewa mutuwa ta fi. Akwai cutar da likitoci suke kira sikizofireniya, wadda mai ita yake jin muryoyin da babu su, ko ya ƙudurce cewa ana farautarsa ko an sa masa guba a abinci, kuma babu hujjar da za ta kawar da shi daga wannan zato. Akwai kuma mai sauyin yanayi biyu, wadda take ɗaga mutum na wasu makonni ya daina barci, ya yi ta surutu da rabon dukiya da faɗin girman kansa, daga baya ta kayar da shi cikin damuwa mai tsanani. Farfaɗiya, wadda mutane da yawa suke haɗawa da waɗannan, ciwon jijiyoyin ƙwaƙwalwa ce daban, ba a ɗaukarta ta yawu ko ta taɓa mai ita, kuma magani mai araha yana tsayar da faɗuwar a wajen mafi yawan masu ita.

Gane waɗannan cututtuka ba ya dogara da gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa, domin har yau babu na'urar da za ta nuna damuwa kamar yadda ake ganin ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a ɗigon jini. Abin dogaro shi ne tambaya mai natsuwa da sauraro mai tsawo, daga bakin majinyaci da kuma na wanda yake zaune da shi, sannan a auna abin da aka ji da ƙa'idojin da masana suka yi ittifaƙi a kansu, waɗanda mafi shahararsu suke cikin kundin rarraba cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda bugunsa na 11 ya fara aiki a watan Janairun 2022. Ƙa'idojin suna duba abu uku a tare, wato irin alamomin, da tsawon lokacin da suka ɗauka, da yadda suka gurgunta rayuwar mutum. Shi ya sa ba a cewa mutum yana da ciwon damuwa sai alamomin sun lizimce shi kusan kullum har mako biyu ko fiye, kuma matar da take kukan mijinta a cikin takaba ba majinyaciya ba ce, sai fa idan lokaci ya yi ta tafiya ita kuwa tana ƙara nutsewa, ta daina kula da kanta da 'ya'yanta.

Kafin duk wannan, wajibi ne ma'aikacin lafiya ya fara kore cututtukan jiki, kuma a nan ne kuskure yake cin rai. Mutumin da jiya yake lafiya, yau ya wayi gari da zazzaɓi mai zafi yana fizge-fizge, bai san inda yake ba, bai gane iyalinsa ba, mafi kusa shi ne zazzaɓin cizon sauro ya hau masa ka, ko sanƙarau ne, musamman a watannin zafi da wannan yanki ya saba ganin ɓarkewarsa, kuma irin wannan yana iya rasuwa cikin kwana ɗaya ko biyu idan aka tsaya ana yi masa hayaƙi a ɗaka. Kuskure na biyu kishiyar wannan ne, ya kuma fi yawa. Mace takan zo ɗakin shan magani ta ce kanta yana zafi a tsakiya, wani abu yana yi mata yawo a jiki, gabanta yana faɗuwa, ba ta barci, sai a rubuta mata maganin taifod, bayan wata guda ta dawo da kukan da ta zo da shi a sake rubuta mata wani, kuɗin gero yana ta ƙarewa a kemis, ba wanda ya tambaye ta abin da ya sami gidanta. Al'ada ba ta saba wa mutum ya zauna gaban baƙo ya ce zuciyarsa ta karye ba, don haka jiki ne yake kai ƙara a madadin zuciya, kuma tambaya biyu ko uku a kan barci da tunani da abin da ya faru a gida sukan isa su buɗe maganar.

Game da musabbabi, binciken zamani bai sami dalili guda da zai ɗauki nauyin kowace cuta shi kaɗai ba. Gado yana da hannu, musamman a sikizofireniya da mai sauyin yanayi biyu, amma abin da ake gada shi ne saurin kamuwa, kuma mafi yawan 'ya'yan masu cutar ba sa yin ta. Haihuwa tana da nata haɗarin, domin mace ɗaya zuwa biyu a cikin kowace dubu da suka haihu sukan ruɗe a makonnin farko na jego, lalurar da take buƙatar asibiti cikin gaggawa kuma take warkewa, yayin da damuwar bayan haihuwa take kama kusan mace ɗaya cikin biyar a ƙasashe masu tasowa. Guba ma tana lalata ƙwaƙwalwa, kuma Zamfara ta ga haka da idonta a 2010, lokacin da gubar dalma daga sarrafa duwatsun zinare a cikin gidaje ta kashe yara aƙalla 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, ta bar wasu da yawa da raunin fahimta da zai bi su har girma. Sai shaye-shaye, wanda binciken ƙasa na 2018 da Hukumar Ƙididdiga ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 a Nijeriya sun taɓa shi a cikin shekara guda, wiwi ce a kan gaba, sai tiramol da dangoginsa da ruwan kodin. Saurayin da yake haɗiyar ƙwaya don ya jure aikin ramin zinare ko noman rani, sau da yawa ƙwayar ce take tayar masa da ciwon, wani lokaci kuma ciwon ne ya riga ya fara, shi kuwa yana neman abin da zai kwantar masa da shi.

Musabbabin da ya fi kusa da mutanen wannan yanki a yau shi ne tashin hankali. A daren 26 ga Fabrairun 2021 'yan bindiga suka kwashe 'yan matan makarantar sakandaren Jangebe a ƙaramar hukumar Talatar Mafara, aka sako 279 a ranar 2 ga Maris. A watan Agustan shekarar aka shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura aka tafi da ɗalibai da ma'aikata, sannan a ranar 1 ga Satumba aka sace ɗalibai 73 a makarantar jeka-ka-dawo ta Kaya a ƙaramar hukumar Maradun. Waɗannan su ne duniya ta ji labarinsu, amma manoman da aka ɗauke a gona, da matan da aka yi wa fyaɗe a daji, da iyayen da suka sayar da shanu da gonaki don biyan kuɗin fansa, da ƙauyukan da suka watse suka koma zaman rakuɓe a cikin gari, sun ninka su yawa. Ranar da aka sako mutum akan yi murna da sadaka, kuma ya dace a yi, sai dai ga wasu daga ranar ne ciwon yake somawa. Likitoci suna kiransa ciwon firgici bayan masifa, kuma ana gane shi da abu uku: abin da ya faru ya riƙa dawowa a mafarki ko a farke kamar yanzu yake faruwa, mutum ya riƙa guje wa duk abin da zai tuna masa, kuma ya zauna kullum a tsorace. Yarinyar da take zabura ta shige ƙarƙashin gado da zarar ta ji ƙarar babura da dare, ta ƙi komawa makaranta, ta daina hira da ƙawayenta, akan ce ta yi taurin kai ko an shafe ta a daji, alhali ciwo ne sananne mai magani. Kusan kowa yakan ji wani abu irin wannan a kwanakin farko, kuma yawanci yakan lafa da taimakon dangi, amma idan ya haura wata guda bai sassauta ba, lokacin neman taimako ya yi.

Ƙididdiga tana taimakawa wajen fahimtar girman abin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 970, wato ɗaya cikin takwas na mutanen duniya, suna rayuwa da wani nau'i na taɓin hankali, miliyan 301 da fargaba, miliyan 280 da damuwa, yayin da sikizofireniya take kama kimanin mutum ɗaya cikin 300. A Nijeriya, binciken da Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya jagoranta, aka buga a 2006, ya sami kashi 12.1 cikin ɗari na waɗanda aka tambaya sun taɓa yin ɗaya daga cikin cututtukan a rayuwarsu, kuma a cikin masu tsananin ciwo waɗanda suka sami magani ba su kai ɗaya cikin goma ba. An yi wannan bincike ne a ƙasar Yarbawa a lokacin zaman lafiya, don haka ma'aunin da ya fi dacewa da Mafara da Bakura da Maradun shi ne ƙiyasin da hukumar ta fitar a 2019 game da wuraren da ake rikici, inda ta nuna kusan mutum ɗaya cikin biyar yana fama da damuwa ko fargaba ko firgici ko ɗaya daga cikin manyan cututtukan. A wannan lissafi, da wuya a sami gida mai yawan iyali a ƙauyen da aka taɓa kai wa hari wanda babu mai buƙatar kulawa a cikinsa.

A gaban wannan buƙata, likitocin ƙwaƙwalwa a duk Nijeriya ba su kai 300 ba ga al'ummar da ta haura miliyan 200, kuma asibitin tarayya na masu taɓin hankali mafi kusa da wannan yanki shi ne na Kware a jihar Sakkwato, tafiyar fiye da kilomita 100 a kan hanyar da matafiya suke bi da fargaba. Ba abin mamaki ba ne iyali su fara da malamin ruƙiyya ko mai maganin gargajiya, domin su ne a kusa, su ne kuma suke magana da harshen da iyalin suke fahimta. Addu'a da magani ba sa karo da juna, kuma tarihin musulmi shaida ne, tun da Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934, ya rarrabe baƙin cikin da aka san dalilinsa da wanda yake tasowa daga jiki ba tare da dalili ba, ya ce na biyun yana buƙatar magani. Kiyaye hankali yana cikin manyan manufofi biyar na shari'a, wadda ta ɗauke wa wanda hankalinsa ya gushe nauyin hukunci. Abin da ba shi da madogara a addini ko a likitanci shi ne duka da yunwa da sasari, irin abin da aka bankaɗo a gidajen mari na Rigasa a Kaduna da Daura a 2019, inda aka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da mari a ƙafa. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta amince wa majinyaci da haƙƙin mutunci da kariya daga irin wannan azaba.

Tun a 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya nuna a Aro, kusa da Abekuta, cewa majinyata suna samun sauƙi idan aka zaunar da su a ƙauye tare da danginsu suna karɓar magani, kuma tun 1991 manufar ƙasa ta sanya lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan kiwon lafiya a matakin farko. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a 2010 wanda yake koya wa ma'aikacin da ba ƙwararre ba yadda zai gane damuwa da farfaɗiya da ruɗewa, ya fara magani, ya kuma san wanda zai tura gaba. Wannan horo ne ya kamata ya isa ga ma'aikatan ɗakunan shan magani na mazaɓun Mafara da Bakura da Maradun, tare da tanadin magungunan a wurin, da bayyana wa iyali cewa maganin damuwa yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a ga amfaninsa, kuma dainawa da zarar an ji sauƙi ita ce kan gaba wajen dawo da ciwo. Ungozoma ita ce take ganin maijego a makon farko, limami da mai unguwa su ne suke sanin wanda ya daina fitowa masallaci, malamin aji shi ne yake lura da ɗalibar da ta yi shiru, don haka su ma suna cikin waɗanda za a koya wa alamomin. Duk wanda aka karɓo daga hannun masu garkuwa kuwa, bayan gwajin jikin da ake yi masa a ranar farko, ya kamata a rubuta sunansa a asibitin da ya fi kusa da gidansu, a sake ganinsa bayan wata ɗaya da kuma bayan wata uku, a keɓe, inda zai iya faɗin abin da ba zai faɗa a gaban iyayensa ba.