Keken Ɗinkin Fata: Kaurin Kirgi Ake Fara Dubawa

Baduku da ya tara kuɗi zai sayi keke, sau da yawa kyan fenti da saurin gudu yake kallo. Ni kuwa da na ce ya fara auna fatarsa.

Fatar jar akuyar Sakkwato, wadda Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko, kaurinta bai cika wuce milimita 1 ba. Keken tela irin Juki DDL-8700 zai lallaɓa ta, in an sa masa allura mai bakin wuƙa, amma haƙoransa na ƙasa kaɗai ke jan abin ɗinki, sai shafin sama ya riƙa zamewa. Shi ya sa mai jaka ko ɗamara, da ke ninka kirgin saniya mai milimita 3 ko 4, yake bukatar keke mai ƙafa mai tafiya, wanda ƙafa da allura da haƙora ke jan fatar tare, kamar Juki DNU-1541. Kuskure a nan yana da tsada, domin ramin allura a fata ba ya rufewa kamar na yadi.

Sirdi da ragamar dokin hawan sallah kuwa sai babban keke mai dogon hannu, irin TSC-441, da zare mai kauri. Mai gyaran takalma, tsohon Singer 29K ya ishe shi.

Kuma kada a raina injin da ke juya keken: wanda ake iya rage masa gudu ya fi, don fata ɗinkin sannu take so. Ka tafi kasuwa da guntun kirginka a aljihu, a ɗinka shi a gabanka kafin ka ƙirga kuɗi.