Tsohuwar Motar Gida Ba Gwangwan Ba Ce

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya)



An nemi mu ce wani abu a kan sana'ar hannu, sai muka ga ya dace mu fara daga ƙofar gidajenmu. Duk wanda ya zaga garin nan zai ga tsofaffin motoci an ɗora su a kan duwatsu, kaji suna ƙwai a ciki. Akasarinsu Peugeot 504 ce, wadda muke kira Fijo. A 1968 ta fito a Faransa, kuma kamfanin PAN na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, ya yi ta harhaɗa ta har tsakiyar shekarun 2000. A cikinta aka kai amarenmu, a cikinta aka garzaya da marasa lafiyarmu asibiti. Yau 'yan gwangwan ke saye a kan sikeli, alhali a Turai akwai masu neman irinta su gyara su adana, mu kuma ga samarinmu zaune a dakali.

Mai son farfaɗo da irin wannan mota kada ya soma da kwance ta. Mun yi wannan kuskure bayan mun yi ritaya. Cikin mako guda muka warware tamu, muka zuba notuna duka a bokiti ɗaya, ta yi damina biyu a haka. Ashe kamata ya yi a ɗauki hoton kowane sashe da waya kafin a taɓa shi, notunansa kuma a ware su a gwangwani mai suna.

Babban abokin gaba shi ne tsatsa. A leƙa ƙarƙashin mota, a duba daɓen ciki, da gindin ƙofofi, da inda taya ke watso laka. A bi jikinta da mayen ƙarfe. Duk inda ya ƙi kamawa, wani ya taɓa cike rami da foti ya shafe da fenti. Wurin da tsatsa ta ci, yanke shi ake yi har a kai ga lafiyayyen ƙarfe, a auna sabon falle a liƙa. Kaurin wannan falle bai wuce kimanin milimita 1 ba, zafi kaɗan ke lanƙwasa shi, shi ya sa gwanaye ke yin walda ɗigo-ɗigo, suna jira ya huce. Ɗan koyo ya yi wata biyu ko uku yana gwaji a kan tsohuwar ƙofa tukuna. Kuma kada wuta ta kusanci mota sai an cire tankin mai da batir, domin tankin da ya yi shekaru a bushe ma yana iya fashewa. Birki da injin su ne gaba, fenti ne ƙarshe.

Wannan aiki ba baƙo ba ne a wurinmu. Hannun da ya saba da masaba da uwar maƙera ba zai sha wahalar daidaita ƙofar mota ba, kuma duk wanda ya shiga Panteka a Kaduna ya ga abin da masu walda da fanel bita ke fitarwa daga ƙarfen da aka yar.

Roƙonmu ga kwamiti shi ne a nemi gida ɗaya ya ba da motarsa, ƙungiya ta ɗauki nauyin samari huɗu su koya a hannun ƙwararren fanel bita, 'yan'uwa na birni kuma ku taimaka da kayan gyara da tabarau na walda. Tamu tana nan a ƙarƙashin darbejiya, idan ana so a fara da ita.