Inda riga ke fara ɓarkewa

Bayan sallar La'asar aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan mai unguwa, matasa biyu suka ɗauko keken ɗinki Butterfly na ƙafa suka girke a tsakiya. Wani dattijon tela, wanda ya koyi sana'a a Fagge, shi aka gayyato ya yi wa iyaye da 'yan koyo bayani a kan kukan da ake ta yi: kayan makaranta da na Sallah ba sa rufa wata uku sai sun ɓarke.

Wandon wani ɗalibi ya fara ɗagawa. Yadin garau yake, ɗinkin ne ya saki a hantsa da bakin aljihu. Ya lissafa sauran wuraren da ke shan wahala: hammata, ƙarshen zif, ramin maɓalli, da saman tsagar kaftani, wadda ke buɗewa duk lokacin da mutum ya hau babur ko ya zauna tahiya.

Sai ya hau keken. Da ya iso bakin aljihu ya ɗaga ƙarfen da ke mai da ɗinki baya, ya koma taku uku zuwa huɗu, sannan ya sake yin gaba, ya rufe kusurwar da ɗan ɗinki mai siffar alwatika. Ga masu tsohon keken da ba ya komawa baya, ya nuna dabara: a bar allura cikin yadi, a ɗaga ƙarfen da ke danne shi, a juya yadin, a sake bi ta kan ɗinkin. Hantsa kuwa sau biyu ya bi ta, ya bar rabin inci a gefe, sannan ya ce a kai wibin don kada zare ya warware. A saman tsaga ya sa ɗan ƙyalle ta ciki kafin ya danne.

Ya gargaɗi 'yan koyo kada su yi ta caccakar wuri ɗaya, domin ramukan allura da suka yi yawa suna yanka shadda. Kaki da jins allura mai lamba 16 suke so, atamfa kuwa 14 ta wadatar.

Wata uwa ta tambaya yadda za ta gane ɗinki mai ƙarko tun a shago. Telan ya ce mata ta juya rigar ciki waje, ta kama hammata da hannu biyu ta ja a hankali; in ta hango haske tsakanin zaren, ta mayar a gyara kafin ta cika kuɗi. Nan take mata suka shiga jan hammatar rigunan 'ya'yansu, mai unguwa kuma ya sanar cewa ranar Asabar 'yan koyo za su zauna a nan su gyara kayan makarantar da aka kawo.