Sagara Ta Kai Wata Shida, Ga Ci Ga Kashi, Ƙwai Shiru

Yau wajen akurki za mu leƙa, don tambayar da ta fi yawa a saƙonninku ita ce wannan: na sayi 'yan tsaki, na yi ta ɗawainiya da su, sun zama sagaru, amma har yau ko ƙwai ɗaya ban ɗauka ba. Kuma na san abin da ciwo. Buhun abinci ya yi tsada, wata da kuɗin adashenta ta fara, wani kuma a gida har an fara yi masa ba'a, ana cewa kajin nan dai a yanka su kawai a huta.

To kafin a wasa wuƙa, ni tambayata ta farko ita ce, wace irin kaza ce? Kajin gidan gona masu ƙwai, irin su ISA Brown, sukan fara ne tsakanin sati 18 zuwa 20, wato wata huɗu da rabi zuwa biyar. Shika Brown, wadda cibiyar NAPRI da ke Shika kusa da Zariya ta samar, ita ma wajajen wata biyar ne. Noiler takan ɗan ƙara kaɗan a kan haka. Kazarmu ta Hausa kuwa, wata shida zuwa bakwai ba abin mamaki ba ne, balle mai kiwon sake. Sai uwa-uba Burahma, mai gashi har ƙafa, wadda matasa ke ji da ita yanzu. Wannan sai ta gama gina wannan uban jikin nata tukuna, tana iya kai wata bakwai ko takwas. Mai Burahma 'yar wata biyar da yake ƙorafi, ɗan'uwa ba abin da ya same ta, lokacinta ne bai yi ba.

Sannan shekarun ma, wa ya faɗa maka? Idan da kanka ka rene su tun suna kwana ɗaya, ka san lissafinka. Idan kuwa a kasuwa ka saya, mai kaji ya ce maka saura sati biyu su fara, to ka riƙe maganar da sassauci. Ba kazar da ke yawo da takardar haihuwa.

Amma kazar da kanta tana ba da labari. Sagarar da ta kusa, zankonta zai girma ya yi jajir, fuskarta ma ta yi ja. In ka kai hannu bayanta, maimakon ta gudu sai ta durƙusa ta ɗan buɗe fukafukai. Za ka ji ta fara kyarkyara, tana leƙe-leƙen lunguna. Ni wanda na fi yarda da shi shi ne gwajin yatsa. Ka kama ta a hankali, ka laluba gefe da gefen mafitar ƙwai, za ka ji wasu ƙasusuwa biyu masu ɗan tsini. In yatsa ɗaya ne kawai ke shiga tsakaninsu, da saura. In biyu suka shiga a sake, to tana gab, ko ma ta riga ta fara ba ka sani ba. E, hakan na faruwa sosai. Kazar sake gwanar ɓoye ƙwai ce, don haka a duba bayan randa, ƙarƙashin tarin itace, da cikin tsohon kwando, kafin a ɗora mata laifi.

Yanzu ga inda mafi yawan matsalar take: abinci. A gidajenmu dusa ce da tsaki da ragowar tuwo. Kaza za ta ƙoshi, ba za ta mutu ba, amma ƙoshi daban, gina jiki daban. Jikin sagara ba ya buɗe hanyar ƙwai sai ta kai wani nauyi. Jajayen kajin gidan gona, kusan kilo ɗaya da rabi ake so su kai a sati 18. In ta kai wannan lokaci tana kilo ɗaya, ko kalanda ta ce lokaci ya yi, jikinta zai ce bai yi ba. Ku ara sikeli wajen mai shago ku auna guda biyar ko shida, za ku ga inda kuke.

Tsarin da aka saba shi ne abincin 'yan tsaki har sati 8, daga nan girowa, mai furotin kashi 15 zuwa 16 cikin ɗari, har wajen sati 17 ko 18, sannan a koma leya. Leya tana da kalsiyam mai yawa, kusan kashi 4 cikin ɗari, saboda ɓawon ƙwai ɗaya yana cin wajen giram 2 na kalsiyam. Wasu sukan ce bari in ba su leya tun suna wata biyu don su yi sauri. Kada ku yi. Ƙaramar kaza ba ta da inda za ta kai wannan kalsiyam ɗin, ƙodarta ce ke wahala. In kuɗin buhu bai samu ba, a ƙarfafa dusar da garin ƙuliƙuli marar yaji, ko waken suya, amma soyayye, don ɗanyensa yana hana narkewar abinci. A ɗebo musu gara, a rataya musu zogale. In sun kusa farawa, a ajiye garin ƙashi ko busasshen ɓawon ƙwai da aka daka a wani kwano daban, mai buƙata za ta ɗiba. Akwai kuma kishiyar wannan, musamman ga masu Noiler: a yi ta ɗura mata masara har kitse ya rufe ciki. Wannan ma ba ta ƙwai da wuri.

Batun haske, masu kallon bidiyon Turawa a YouTube suna yawan kawo min shi. Gaskiya ne tsawon yini yana zaburar da kaza, kuma mai ƙwai ta fi so ta samu awa 14 zuwa 16. Amma su a Landan yinin Disamba awa 8 ne kacal. Mu a Kano ko a tsakiyar hunturu ya haura awa 11, don haka matsalarmu ba ta kai tasu ba. Tamu ita ce akurkin da aka lulluɓe da buhuna da tsohon bargo, ko ɗaki marar taga, kaza ta wuni a duhu. A buɗe musu da safe. In za a ƙara ƙwan sola da magariba, a bari sai sun kai nauyi, kuma a riƙa ƙara rabin awa duk sati. Wadda aka matsa wa da haske tana ƙarama, ƙananan ƙwai za ta yi, wani lokaci har bayanta ya zazzago.

Sai ɓarayin da ba a gani. Tsutsar ciki tana raba abinci da kaza, ƙuma da kwarkwata suna shan jininta da dare. Ku ɗaga fiffike da fitila ku duba. Wadda ta yi kashin jini tana ƙarama, sau da yawa takan tsumbure, ta yi ta bin 'yan'uwanta a baya. Maganin tsutsa da rigakafin Lasota, ku nemi ma'aikacin dabbobi ya tsara muku. Kafson da ake fasawa a ruwa kuwa ba ya kawo ƙwai, asarar kuɗi ce. Zafin bazara ma yana rage musu ci, to inuwa da ruwa mai sanyi kada su yanke, a ba da abinci da sassafe da yamma.

Af, zakara. Kaza ba ta buƙatarsa kafin ta yi ƙwai, aikinsa sai in ana son ƙyanƙyasa. Zakaru uku a kan sagaru biyar ma takura ce.

To yaushe za a haƙura? Ni a wajena, kazar gidan gona da ta kai wata bakwai, ana ba ta abinci mai kyau, 'yan'uwanta duk sun fara, ita zankonta a bushe, yatsa ɗaya ke shiga, wannan ta tukunya ce. Amma in dukkan garken ne suka yi shiru, kada a taɓa ko ɗaya. A gyara kwanon abinci, a ba su sati uku zuwa huɗu, a sake aunawa.

Ku rubuto min irin kajinku da watanninsu da abin da kuke ba su. Sai mun haɗu a shiri na gaba.