Fitila a Cikin Ƙwayar Jiki



Jikin ɗan Adam an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani, kuma kowace ƙwaya tana aiki da ɓurɓushin ƙarafa narkakku, irin su kalsiyam da tutiya da tagulla. Kalsiyam ne ke ba tsoka umarnin motsi, shi ke sa zuciya bugawa. Amma yawansa a cikin ƙwaya bai kai kashi ɗaya cikin 10,000 na wanda ke wajenta ba. To, yaya za mu auna abu kaɗan haka ba tare da mun kashe ƙwayar ba?

Roger Tsien, masanin kimiyya ɗan Amurka, ya buɗe hanya. A shekarar 1980 ya ƙera wani sinadari mai cafke kalsiyam ya bar magniziyam, ɗan'uwansa da ya fi shi yawa cikin ƙwaya. A 1985, a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, shi da abokan aikinsa suka fito da rini mai ƙyalli, suka sa masa suna Fura-2. Ba furar da muke damawa ba ce! Ana lulluɓe rinin don ya ratsa fatar ƙwaya. Da ya shiga, sai ƙwayar ta yaye lulluɓin, ya rasa hanyar fita. Idan aka haska shi da haske iri biyu, ƙyallin da ya mayar zai nuna yawan kalsiyam, ƙwayar kuwa tana raye a ƙarƙashin madubin bincike. Gani ya kori ji.

Ina ruwanmu da wannan? Mu tuna Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400. Dalma takan yi shigar burtu, ta zauna a mazaunin kalsiyam da tutiya, ta ɓata ƙwaƙwalwar yaro. Gwajin jini yana faɗa mana yawan gubar. Rini mai ƙyalli, irin wanda aka ƙera wa dalma a Berkeley a 2006, shi ke nuna ta a cikin ƙwayar kanta.

Saboda haka, 'yan'uwa, mu da za mu riƙe ma'aikatun lafiya da na ma'adinai gobe, kada mu ɗauki kuɗin ɗakin gwaji a matsayin almubazzaranci. Ɓarawon da ba mu gani ba, ba mu iya kama shi.

Nan za mu dasa aya.