Duba Kafin Ka Ja: Aikin Malami Idan Ɗalibi Ya Ji Ciwo A Kafaɗa Ko Damtse



Ni ba likita ba ne, malamin aji huɗu ne. Abin da ya tsayar da ni gabanku yau shi ne hannun wani yaro da na koyar a shekarun baya. An fita tara, ya faɗo daga bishiyar darbejiya, ya dafa ƙasa da hannun dama, damtsensa ya kumbura dab da gwiwar hannu. Na kama hannun na ja, wai ina gyara targaɗe, sannan na sa aka raka shi gida. Aka yi masa ɗori, aka ɗaure tamau. Kwana biyu yana kuka, ana ba shi haƙuri, ana cewa haka ɗori yake. Ranar da aka kwance, yatsun sun riga sun tanƙwashe sun ƙandare. Yau saurayi ne, da hagu yake rubutu, kuma duk ranar da muka gaisa a kasuwar Mai'aduwa sai na sunkuyar da kai.

Likitan ƙashin da ya duba shi daga baya ya zaunar da ni, ya nuna mini matakan da suke bi. Ba su fi ƙarfin malami ba, kuma guda biyar ne.

Na farko, tambaya. Yaya ya faɗi? Da tafin hannu ya dafa ƙasa, ko a kan kafaɗa ya sauka? A ce ya nuna wurin ciwon da yatsa ɗaya. Idan ya bugu a kai, ko yana kukan wuya, kada a tashe shi da gaggawa, a nemi ma'aikacin lafiya.

Na biyu, kallo. A buɗe kafaɗun biyu a kwatanta su, domin lafiyayyar ita ce ma'auni. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Idan akwai ƙullutu a kan ƙashin nan da ya miƙe daga gindin wuya zuwa kafaɗa, yaron kuma yana tallafe da gwiwar hannunsa, mai yiwuwa ƙashin ne ya karye. Wannan karaya tana da yawa a yara, kuma galibi tana warkewa cikin 'yan makonni idan aka rataye hannun. Idan kuwa kafaɗar ta rasa kewayenta, ta yi kusurwa, to ƙashi ya goce daga gurbinsa. Gocewa ta fi samun samari da manya, irinmu da ke hawa babur a hanyar Daura kullum. Ga ƙaramin yaro, abin da ake zato gocewa ne sau da yawa karaya ce a wurin da ƙashi ke tsiro, kuma daga wannan wuri na saman damtse ne ƙashin ke samun kusan kashi 80 cikin 100 na tsawonsa. Mai jan irin wannan hannu yana wasa da girman yaro.

Na uku, taɓawa. A fara daga inda ba ya ciwo, a bi ƙashin a hankali da kan yatsa, daga gindin wuya zuwa kafaɗa, zuwa damtse, zuwa gwiwar hannu, ana kallon fuskar yaron. Inda ya zabura a kan ƙashi, a tsaya. Ƙashin yaro kamar ɗanyen icce yake, yakan tanƙwara ya tsage ba tare da ya rabu biyu ba, don haka rashin karkacewa ba shaidar lafiya ba ce.

Na huɗu, motsi, kuma yaron ne zai motsa da kansa. A ce ya ɗaga hannu, ya taɓa ƙeya, ya kai hannu bayansa. Idan ya kasa, an sami amsa, kada a tilasta. Idan hannun ya karkace a fili, a bar wannan mataki gaba ɗaya.

Na biyar shi ne wanda da na san shi da ɗalibina bai nakasa ba: duba tafin hannu. Babbar hanyar jinin hannu tana wucewa ta gaban gwiwar hannu, daidai inda ƙashin yara 'yan shekara 5 zuwa 8 ya fi karyewa, kuma tsinin ƙashi ko kumburi na iya danne ta. A ji bugun jini a wuyan hannu ta gefen babban yatsa. A danna farce har ya yi fari, a saki. Ya kamata launinsa ya dawo cikin daƙiƙa 2. A ce yaron ya ɗaga babban yatsa, ya haɗa kansa da kan manuniya su yi zobe, sannan ya ware yatsunsa duka. Kowane motsi yana gwada jijiya dabam. A shafa yatsun da gefen kafaɗa a tambaye shi ko yana ji. Hannu mai sanyi, ko wanda ya kwashe launi, ko ya yi nauyi ba ya jin taɓawa, ko yaron ya yi ƙara idan aka miƙe masa yatsu, wannan ba ya jiran gobe. Naman da jini ya yanke masa yakan fara mutuwa cikin kamar awa 6. Wani likita Bajamushe, Richard von Volkmann, ya bayyana wannan ƙandarewa tun 1881, ya kuma danganta ta da ɗauri mai tsanani.

Bayan dubawa, aikinmu kaɗan ne. A cire zobe da awarwaro kafin kumburi ya riƙe su. A rataye hannun a wuya da ɗankwali ko gyale yadda yaron ya fi jin sauƙi, a sake duba farcen. Idan akwai rauni a buɗe, a rufe da tsabtataccen ƙyalle. Kada a ba shi abinci, don ta yiwu a yi masa aiki. A rubuta lokacin da ya faɗi da abin da aka gani, a kira iyaye, a nufi Babban Asibitin Daura inda za a ɗauki hoton ƙashi. Idan abin ya fi ƙarfin nan, akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina da Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

'Yan'uwa, ban zo cin mutuncin masu ɗori ba. Sana'a ce ta gado, kuma mun san da yawa daga iyayen ɗalibanmu can za su fara zuwa, saboda kusanci da sauƙin kuɗi. Abin da za mu roƙe su biyu ne: a ɗauki hoto kafin ɗori, kuma idan an ɗaure, a bar yatsu a waje ana duba su dare da rana. Yaron da ciwonsa ke ƙaruwa bayan ɗauri ba raki yake yi ba. A sassauta ɗaurin nan take, a kai shi asibiti.

Ina roƙon reshen ƙungiyarmu ya gayyato ma'aikacin lafiya a taro na gaba, mu gwada matakan nan a kan junanmu har hannunmu ya saba, kuma kowane shugaban makaranta ya kai maganar taron iyaye da malamai. Amanar yaran nan tana wuyanmu daga ƙararrawar safe zuwa ta tashi.

Allah ya tsare mana su, ya yafe mana kurakuranmu.