Guzurin Manazarci: Shirin Tafiyar Aiki Zuwa Ƙasashen Waje



Gabatarwa

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi, kuma da wuya a sami inda wannan magana ta fi tabbata kamar jami'a. Kowace shekara malamai da ɗalibai suna ƙetare iyaka, wani domin halartar taron ƙara wa juna sani, wani domin duba tsofaffin takardu, wani kuwa domin ya zauna cikin jama'a yana yi musu tambayoyi. Galibi abin da ke ɗauke hankalin mai irin wannan tafiya shi ne kuɗi da biza da tikitin jirgi, da zarar sun samu sai ya ɗauka shiri ya kammala. Manufar wannan lacca ita ce a nuna cewa tsaron lafiyar matafiyi tun daga gida ake ƙulla shi, kuma nauyi ne da ke wuyansa da wuyan jami'arsa baki ɗaya.

Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja fataucin goro sun san haka. Ayarinsu yana da madugu mai ɗaukar alhakin kowa, da jagaba masanin hanya, sa'an nan a manyan zanguna akwai mai masauki wanda ya san harshen gari da halin masu mulkinsa. Jirgin sama ya mai da tafiyar watanni ta zama ta awoyi, amma bai kawar da bukatar waɗannan mutane uku ba. Bisa gare su za a shimfiɗa bayani, bayan an ɗan taɓa batun takardu.

Takardu da Lafiyar Jiki

Ƙasashe da yawa ba su karɓar fasfon da saura ƙasa da wata 6 ya ƙare. Katin allurar rigakafin shawara ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, amma tun daga ranar 11 ga Yulin 2016 ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta mai da shi na tsawon rai. Mai neman bizar ɗan gajeren zama a ƙasashen Turai na yankin Shengen dole ya nuna inshorar lafiya wadda ba ta gaza Yuro 30,000 ba. Haka kuma maganin da likita ya rubuta a wata ƙasa yana iya zama haramtacce a wata. A 2017 wata kotu a Masar ta yanke wa wata Baturiyar Ingila ɗaurin shekara 3 saboda ƙwayoyin tiramadol da aka samu a jakarta. Saboda haka mai shan magani ya tafi da shi cikin kwalinsa tare da takardar likita, kuma kada ya karɓi saƙon da bai ga cikinsa ba, ko da na ɗan'uwa ne.

Mai Masauki

Abin da ya bambanta manazarci da ɗan yawon buɗe ido shi ne sana'arsa tambaya ce. Tambayar da ake ɗauka aikin ilmi a ɗakin karatu, a wani wuri leƙen asiri ake kiranta.

Giulio Regeni ɗan Italiya ne, yana karatun digiri na uku a Jami'ar Kambirij, ya tafi Alƙahira binciken ƙungiyoyin ƙwadago masu zaman kansu, musamman na 'yan tireda da masu talla a bakin titi. Ya ɓace ranar 25 ga Janairun 2016, ranar cika shekara 5 da boren da ya kawar da Hosni Mubarak. Ranar 3 ga Fabrairu aka tsinci gawarsa a gefen hanyar Iskandariyya, da alamun azabtarwa a jikinta. Daga baya shugaban ƙungiyar masu tallan, wanda yake taimaka masa a binciken, ya amsa cewa ya kai rahotonsa ga jami'an tsaro. Masu gabatar da ƙara na Italiya sun tuhumi jami'an tsaron Masar guda 4, hukumomin Masar kuwa sun musanta. A watan Mayun 2018 kuma aka kama Matthew Hedges na Jami'ar Durham a filin jirgin Dubai yana shirin komawa gida, bayan binciken da ya yi kan manufofin tsaro. A Nuwamban shekarar aka yanke masa ɗaurin rai da rai bisa zargin leƙen asiri, kafin a yi masa afuwa bayan 'yan kwanaki.

Alhakin irin wannan ta'asa yana kan wanda ya aikata ta, ba kan ɗalibi ba. Duk da haka akwai darasi. Kafin a tashi, ya kamata a tambayi masana 'yan ƙasar yadda hukuma ke kallon batun da za a bincika, da ranakun da gari kan yi zafi. A sani kuma biza daban, izinin bincike daban: a Kenya da Tanzaniya, alal misali, akwai hukumomin kimiyya na gwamnati da ke ba da wannan izini. Sa'an nan a tuna da mutanen da aka yi hira da su, domin baƙo raɓa ne, zai wuce, su kuwa suna nan. Sunayensu da muryoyinsu da ke cikin waya ko kwamfuta amana ce, bai kamata a bar su yadda duk wanda ya ƙwace na'urar zai gani ba.

Jagaba

Kowa yana tanadin hanyar shiga, amma kaɗan ne ke tunanin ta fita. Ranar 24 ga Fabrairun 2022 da Rasha ta auka wa Yukiren, nan take aka rufe sararin samaniyar ƙasar, ɗaliban Afirka suka nufi iyakokin Folan da Romaniya da Hungari, wasu a ƙasa cikin tsananin sanyi. Ranar 15 ga Afrilun 2023 faɗa ya ɓarke a Khartum, filin jirgin birnin ya daina aiki a ranar, bankuna suka rufe. Ɗaliban Nijeriya, da yawansu daga Arewa, sai a motocin safa aka kwashe su, wasu suka yi kwanaki a iyakar Masar kafin a bar su su wuce, wasu kuma ta Port Sudan suka fita. Akwai ma 'yan Sudan da suka maƙale saboda fasfonsu yana ofisoshin jakadancin da aka rufe.

Abin lura a nan shi ne, tikitin dawowa shi kaɗai ba mafita ba ne. Matafiyi ya san iyakar ƙasa mafi kusa da shi da sharaɗin ƙetare ta. Ya ajiye ɗan tsabar kuɗi daban, ya riƙe fasfonsa kusa, ya bar kwafinsa a gida. Ya rubuta muhimman lambobin waya a takarda, domin waya tana mutuwa. Ya kuma karanta takardar inshorarsa da kyau, saboda da yawa daga cikinsu sun cire yaƙi da tarzoma daga abin da suke biya.

Madugu

Nan ne nauyin jami'a ya fi bayyana. Jami'ar da ta sa hannu a takardar izinin tafiya ta zama madugu, kuma madugu ba ya barci bai ƙirga ayarinsa ba. Ya dace kowane sashe ya kasance da rubutaccen bayanin inda ma'aikacinsa zai sauka, da wanda zai karɓe shi, da haɗurran da aka hango. A tsai da lokacin da zai riƙa aiko da saƙo, a kuma ayyana mutumin da zai ɗaga murya idan lokacin ya wuce ba a ji ɗuriyarsa ba. Malamin da ke duba aikin ɗalibi ya sami ƙarfin halin cewa a dakata, domin ɗalibi yakan ji nauyin faɗar tsoronsa, gudun kada a ce ya yi raki ko tallafinsa ya suɓuce.

Shi ma matafiyi ya sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa da zarar ya sauka. Yarjejeniyar Biyana ta 1963 kan hulɗar ƙaramin jakadanci, a sashe na 36, ta ba baƙon da aka kama damar neman a sanar da jakadancin ƙasarsa ba tare da jinkiri ba. Wanda bai san da wannan haƙƙi ba, ba zai nema ba.

Kammalawa

Ba a kawo waɗannan misalai domin a tsorata kowa ba, gama mafi yawan tafiye-tafiye lafiya ake zuwa, lafiya ake dawowa, kuma jami'ar da ta kulle ƙofarta ilminta zai tsuke. Abin nema shi ne kafin a sa hannu a kan kowace takardar tafiya, a tabbata an san mai masauki, an san hanyar fita, an san wanda zai cigiya. Binciken da bai kammala ba ana iya komawa kansa wata shekara, amma rai ba shi da na biyu. Allah ya kai kowane matafiyi lafiya, ya dawo da shi ga iyalinsa lafiya.